Ultra, Dusk, Quick ko Timer: wace ƙwallo ya kamata ka cika jaka da ita a Pokémon?

Yawancin masu buga Pokémon da na sani a garin nan, tun daga yaran Tudun Wada da ke buga FireRed a waya har zuwa 'yan gayun Barnawa masu Switch, halinsu ɗaya ne in aka zo batun ƙwallon kamu: da zarar shago ya fara sayar da Ultra Ball shi kenan an gama, mutum ya juye kuɗinsa kaf a kanta, ya cika jaka, ba ya sake waiwayar sauran. Ni dai a wurina wannan asarar kuɗi ce, don Ultra ɗin nan da ake ta ji da ita, a wurare da yawa ita ce ta uku ko ta huɗu a ƙarfi. Amma kafin a zo kan wacce ta fi wacce sai ka fara faɗa min wane gem kake bugawa, saboda tun Red da Green na 1996 Game Freak suke ta sauya lissafin ƙwallayen nan, shawarar da za ta yi wa mai Scarlet aiki ba lallai ta yi wa mai Emerald ba, wasu ƙwallayen ma babu su kwata-kwata a gem ɗinsa.

Ga yadda gem yake lissafinsa. Kowane dodo yana da wata lamba ta sauƙin kamu da ba a nuna maka a allo, daga 3 zuwa 255. Su Pidgey, Rattata, Caterpie da Magikarp 255 gare su, waɗannan ko da me ka jefe su ba sa wahala. Abra 200, Pikachu 190, Dratini 45, Snorlax 25, su kuwa Mewtwo, Zapdos, Articuno da yawancin manyan nan da guda ɗaya tak ake samu a gem, 3 kacal. Lambar nan ita ake ninkawa da ƙarfin ƙwallon, sannan a duba jinin dodon, in jininsa cike yake kashi ɗaya cikin uku kawai ake ba ka, in ka rage shi ya koma ja saura ƙiris sai ka samu kusan duka. Ka ga kenan rage jini kaɗai kusan ninki uku ne, ya riga ya wuce duk abin da Ultra za ta ƙara maka. Sai halin da ka sa dodon a ciki: barci ko daskarewa ninki 2 ne a gem ɗin na'urar Game Boy Advance (GBA) da na farkon Nintendo DS, daga Black da White na 2010 ya koma 2.5, shanyewar jiki da guba da ƙuna kuma 1.5. Guba da ƙuna kam kar ma ka soma, cin jini suke a hankali, kana tsakiyar jifa sai ka ga dodon ya faɗi. Shi ya sa duk mai kamu da gaske yake yawo da dodo ɗaya mai False Swipe, dukan da ba ya kisa, dole ya bar jini 1, da kuma mai sa barci, Spore ya fi don ba ya kuskure (Breloom ko Parasect, sai dai daga X da Y ba ya cin dodannin ciyawa). Sannan maganar nan ta danna B da ƙasa lokacin da ƙwallo ke girgiza, don Allah a bar ta, ba ta ƙara komai, yatsa kawai kake wahalarwa.

To ukun da kowa ya sani. Poké Ball ƙarfinta 1, kuɗinta 200 a kuɗin cikin gem. Great Ball 1.5, kuɗinta 600. Ultra Ball 2, kuɗinta 1,200 a tsofaffin gem, daga Sun da Moon na 2016 aka sauko da ita 800. Yi lissafi da kanka: kuɗin Ultra ɗaya a FireRed zai saya maka Poké Ball shida, ka biya ninki shida ka samu ƙarfi ninki biyu. Don haka in dodon ba mai gudu ba ne, ba mai dukan da zai kashe maka tawaga ba ne, kuma lambarsa na da yawa, jan ƙwallon nan na talakawa ya fi riba nesa ba kusa ba. Inda Ultra ke da amfani shi ne inda kowane zagaye yake da tsada, wato dodon na iya farkawa, ko ya warkar da kansa, ko ya kai ka ƙasa. Great kuwa ta tsakiyar hanya ce, ka saye ta lokacin da Ultra ba ta fito ba tukuna, bayan nan babu dalili. (In ka taɓa buga Red ko Blue na asali ka ga kamar Great ta fi kamu, ba idonka ba ne, a lissafin wancan zamanin tana iya fin Ultra a kan dodon da jininsa ke da yawa. An gyara tun da daɗewa.) Ƙaramar dabara: a wasu tsofaffin gem in ka sayi Poké Ball goma a lokaci ɗaya ana ba ka Premier Ball ɗaya kyauta, amma ko hamsin ka saya a tashi ɗaya guda ɗayan za a ba ka, saboda haka saya goma-goma. Ita Premier fara ce kawai mai kyau, ƙarfinta daidai da Poké Ball.

Yanzu ga masu Ruby, Sapphire, Emerald, FireRed da LeafGreen, waɗanda ina jin su suka fi yawa a nan tunda kowace ƙaramar waya tana ɗaukarsu kuma ba ruwansu da data. Ɗan uwa, ka manta da Quick Ball da Dusk Ball, babu su a gem ɗinka, sai a Diamond da Pearl na 2006 suka fito. Abin da kake da shi Timer, Net, Nest, Repeat da Dive ne, ko wacce 1,000, wato duk sun fi Ultra arha (sai dai a FireRed da LeafGreen ba duka ake sayarwa ba).

Timer Ball ita ce ta manyan dodanni a wurinka. A GBA tana farawa ne daga 1, kowane zagaye ta ƙara 0.1, a zagaye na goma ta kamo Ultra, a na talatin ta kai 4 ta tsaya. Kuma ai dama zagayen farko a rage jini da sa barci da shan magani suke tafiya, to ka jefa 'yan Ultra ɗinka a lokacin, da ka ga an wuce goma sai ka koma Timer. Dodo mai lamba 3, jini saura 1, yana barci, jifa ɗaya da Ultra ba ta kai 5 cikin 100 ba, Timer da ta cika kuwa ta ninka hakan. Har yanzu dai kaɗan ne, ba ƙarya, amma bambancin wanda zai jefa wajen goma ne da wanda zai jefa fiye da ashirin. Haɗarinta ɗaya, in faɗan ya yi tsawo sosai har dabarun dodon suka ƙare zai koma Struggle yana cin jinin kansa, jini 1 kuwa ba ya jure wannan. Ka yi sabin a gabansa kafin ka taɓa shi, ka kuma tabbata wayar na da caji, ba a tsakiyar zagaye na ashirin da bakwai ta mutu ba ga shi an ɗauke wuta. A Hoenn, yankin Ruby, Sapphire da Emerald, shagon Rustboro ne ke sayar da Timer da Repeat bayan an ɗan yi nisa a labarin, a FireRed kuma sai can Two Island wajen ƙarshen gem.

Net Ball mutane suna raina ta, ban san dalili ba. Ƙarfinta 3 a kan duk dodon ruwa ko ƙwaro, daga Sun da Moon ya zama 3.5, kuma tun zagayen farko, ba jira. Dodannin ruwa sun fi kowane jinsi yawa a Pokémon, kuma Kyogre na ruwa ne, Suicune ma haka. Mai jifan Kyogre da Ultra alhali ga Net a shagon Mossdeep, ya biya ƙarin 200 don ya rage wa kansa ƙarfi kenan. Dive Ball tana nan a shagon ita ma, 3.5, amma a GBA sai a ƙarƙashin teku take aiki, wajen su Relicanth da lambarsa 25. Daga DS aka faɗaɗa ta ta haɗa da wanda ka haɗu da shi kana kan ruwa ko ka kamo da ƙugiya. Nest Ball ta ƙananan dodanni ce, ƙasa da lebul 20 ta fi Ultra, a lebul 10 wajen 3 take, da an kai 30 ta zama Poké Ball mai tsada. Matsalarta ƙananan nan dama ba su cika wahala ba. Repeat Ball 3 ce (3.5 a sababbi) a kan irin dodon da ka taɓa kamawa, ta masu neman nagari ce, waɗanda za su kama Dratini goma don su zaɓi ɗaya mai hali mai kyau, ko masu farautar shaini, wato dodo mai launi daban da ba a cika samu ba.

In kuwa kana kan DS ko sama, to nan ne Ultra ta rasa kujerarta gaba ɗaya. Dusk Ball 3.5 ce da dare ko cikin kogo, daga Sun da Moon aka rage ta zuwa 3, kuɗinta 1,000. Ka duba fa, a Platinum ta fi Ultra arha da 200 kuma ta kusa ninka ta a ƙarfi. Sannan ina manyan dodannin suke zama? Yawanci kogo. Heatran cikin Stark Mountain, Uxie da Azelf cikin kogunan tafkinsu, Mewtwo cikin Cerulean Cave. Wanda ba a kogo yake ba kuma sai ka jira dare, a Diamond, Pearl, Platinum, HeartGold da SoulSilver agogon na'urarka ake bi, dare na farawa ƙarfe 8 har zuwa 4 na asuba, wato da an idar da isha'i ka ci tuwo, Dusk ta fara aiki a ko'ina. Yawancinmu dama lokacin muke samun sukunin bugawa. A Scarlet da Violet ba haka ba ne, gem ɗin yana da nasa dare da rana da ke juyawa ba ruwansa da agogonka, sai ka kalli sama.

Quick Ball ita ce wadda in ka saba da ita ba ka iya bari. Zagayen farko kawai take aiki, 4 a Diamond da Pearl, 5 daga Black da White, in ta kuskure ta koma 1, kar ka sake jefa ta biyu. Amma ka tuna jifan farko jinin dodon a cike yake, kashi ɗaya cikin uku za a ba ka, 5 ɗin nan a zahiri wajen 1.7 take komawa. Duk da haka a lissafi duk dodon da lambarsa ta kai 153 zuwa sama kamu ne kai tsaye, babu ko faɗa, su Pikachu da Abra duk suna ciki, Abra kuwa ka san halinsa, Teleport ɗaya ya ɓace. Ga mai son cika Pokédex, kundin dodannin da ka kama, babu kamarta, lokacin da za ka ɓata kana rage jinin ɗaya ka kama biyar. A kan manya masu lamba 3 kuwa ba wani sihiri ba ne, kwatanta 1.7 ɗin nan da Dusk a kan mai barci jini saura 1, wato 3 sau 2.5, 7.5 kenan. Amma ni ina jefa guda ɗaya duk da haka, in ta shiga Alhamdulillahi, in ba ta shiga ba zagaye ɗaya ne ya tafi kuma Timer ta ƙaru da shi. Ita Timer ɗin ma an gyara ta daga Black da White, yanzu wajen 0.3 take ƙarawa kowane zagaye, a zagaye goma ta kai 4. Don haka jerin a sababbin gem a bayyane yake, Quick ɗaya a farko, a rage jini a sa barci, Dusk in dare ne ko kogo, da an kai goma a koma Timer tunda 4 ta fi 3. Ultra sai dai ta cike gurbin rana tsaka a fili kafin Timer ta nuna.

Sai ƙwallayen Kurt, tsohon nan na Azalea Town da ke sassaƙa su daga 'ya'yan itacen Apricorn, tun Gold da Silver na 1999. Bakwai ne, amma biyu ne nake ganin sun cancanci dogon bayani. Heavy Ball, ta baƙin Apricorn, ita ba ninkawa take ba, ƙari take yi a kan lambar dodon gwargwadon nauyinsa, kuma nan ne daɗin yake. A lissafin sababbin gem, kilo 200 zuwa sama ƙarin 20, kilo 300 zuwa sama ƙarin 30, ƙasa da kilo 100 kuma ragi take yi na 20. Ɗauki dodo mai lamba 3: Ultra ta mai da shi 6, Timer cikakkiya 12, Heavy kuwa in ya wuce kilo 300 ta mai da shi 33. Babu wata da ta zo kusa. Lugia kilo 216 ne, ya samu ƙarin 20 ya koma 23, abokinsa Ho-Oh kuwa kilo 199, kilo ɗaya tak ya hana shi, shi kam kar ka ɓata Heavy a kansa. A kan Snorlax mai kilo 460 ribar ba ta kai haka ba tunda lambarsa 25 ce, Ultra 50, Heavy 55 a sababbi, 65 a HeartGold inda mafi nauyi ke samun ƙarin 40, Dusk ma ta fi ta. Wato Heavy ta mai nauyi ce kuma mai ƙaramar lamba, sai sun haɗu biyun. Level Ball kuma tana duba lebul ɗin naka dodon da ke fili, in ya fi na dajin 2, in ya ninka shi 4, in ya ninka sau huɗu 8, wanda ya gama gem yana yawo da mai lebul 100 ya dawo kamun ƙanana, to a nan ta fi Quick. Sauran a gurguje: Lure ta kamun ƙugiya, Fast 4 a kan masu saurin da ya kai 100, Moon 4 a kan masu sauyawa da Moon Stone irin su Clefairy, Love 8 amma sai na dajin ya zama iri ɗaya da naka dodon, ɗaya mace ɗaya namiji, Friend ba ta ƙara kamu sai dai dodon ya zo da shaƙuwa. In Gold ko Silver na asali kake bugawa ka sani Moon, Love da Fast duk da kuskure aka rubuta su, Love ma a juye take aiki, namiji da namiji. A HeartGold kana iya kai wa Kurt tarin Apricorn launi ɗaya ka dawo washegari ka kwasa, a Sword da Shield kuwa ɗai-ɗai ake ba ka, shi ya sa mutane ke ajiye su don kwalliya, tunda daga X da Y ɗan da aka ƙyanƙyashe yana gadon ƙwallon uwarsa.

Luxury Ball ƙarfinta 1 ne, amfaninta shaƙuwa na saurin hawa, ka ajiye biyu ko uku don irin su Eevee, Golbat, Chansey da Riolu da sai sun shaƙu da kai suke sauyawa. Heal Ball, 300, tana warkar da wanda ka kama nan take, yana da amfani in akwai gurbi a tawagarka kana tsakiyar doguwar hanya, in babu gurbi a tsofaffin gem akwatin ajiya ma yana warkarwa kyauta. Beast Ball 5 ce a kan Ultra Beast, wasu baƙin dodanni da suka fara fitowa a Sun da Moon, a kan sauran kuma 0.1, kyau gare ta amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Dream Ball daga Sword da Shield 4 ce a kan mai barci, in ka samu kar ka raina ta.

Master Ball kuma, guda ɗaya ce yawanci labarin gem ke ba ka, a FireRed shugaban Silph Co. ne ke miƙa maka bayan ka kori Giovanni daga Saffron, a Gold da Silver Farfesa Elm ne bayan baji takwas. Ba ta kuskure. Kuma a nan ne ake ta musu, wasu su ce a jefi Mewtwo, wasu su ce Rayquaza. Ni ra'ayina, duk dodon da ke tsaye wuri ɗaya yana jiranka bai cancanci Master ba komai girmansa, ka yi sabin a gabansa, in ya mutu ka kashe ka kunna, haƙuri da Timer za su kawo shi ko da Mewtwo na ta Recover yana ba ka haushi. Master ta mai gudu ce: Raikou, Entei, Suicune, Latios, Latias, waɗanda sai ka sha yawo kafin ku haɗu kuma zagaye ɗaya su tsere. A FireRed da LeafGreen ma abin ya fi muni, akwai kuskure a gem ɗin da in Raikou ko Entei ya yi Roar ya ɓace kenan har abada, Mean Look mai hana gudu ba ya hana wannan, to in Squirtle ko Bulbasaur ka ɗauka a farko, ɗayansu za ka haɗu da shi, ka riƙe Master ɗinka dominsa. Ɗayan wurin kuma shaini ne mai iya kashe kansa, Graveler ko Voltorb mai fashewa, ko Beldum da lambarsa 3 kuma Take Down ɗinsa ke cin jininsa. Shaini 1 cikin 8,192 ne a tsofaffin gem, 1 cikin 4,096 daga X da Y, ba abin da za ka yi caca da shi ba ne. Amma fa kar ka zama irin waɗanda ke gama gem Master na nan cikin jaka kamar sabon ɗinkin da aka ajiye wa sallar da ba ta zo ba.

Mai Legends: Arceus na 2022 ya yi hankali, sunaye iri ɗaya ne amma aiki daban. Heavy Ball a can ba ruwanta da nauyin dodo, ita ce mai nauyi, ba ta zuwa nesa, ta laɓaɓo ce ka jefi wanda bai gan ka ba, manyanta Leaden da Gigaton, su Feather, Wing da Jet kuma na nesa ne da masu tashi sama, kuma da hannunka kake haɗa su daga Apricorn da Tumblestone.

Pokémon GO na 2016 shi zaɓin bai da yawa, Poké, Great 1.5, Ultra 2, sai Premier da ake ba ka bayan faɗan taro, Master kuma sai 2023 ta shigo. A can hannu ne ke aiki fiye da ƙwallo. Jifan murɗe ninki 1.7 ne, wato Poké Ball da aka murɗa ta fi Great da aka jefa a miƙe, Razz Berry 1.5, ta zinare 2.5, in ka dace da tsakiyar ƙaramin da'irar ma wani ƙarin ne da ke iya kaiwa 2. In unguwarku PokéStop, wuraren da ake samun ƙwallaye, ba su da yawa kuma kana lallaɓa data, ka koyi murɗawa da jajayen a kan ƙananan dodanni, Ultra ka bar wa masu jan da'ira.